Yadda ake kula da motar da aka ƙera kafin Yaƙin Duniya na Biyu a ƙasar Kabi

Wanda Allah ya nufa ya gaji tsohuwar mota irin wadda aka ƙera kafin ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu a shekarar 1939, ko ya saye ta daga hannun magada, ya kamata ya sani tun farko cewa abin da ke hannunsa ba ya karɓar irin kulawar da ake yi wa motocin yau. Motocin wancan zamani, irin su Ford Model T da aka ƙera daga 1908 zuwa 1927, da Ford Model A da ta gaje ta har zuwa 1931, da Austin Seven ta Ingila wadda aka yi daga 1922 zuwa 1939, da Morris Eight da ta fito a tsakiyar shekarun 1930, an yi su ne bisa zaton cewa mai su zai riƙa duba su kowane mako da hannunsa, yana zuba mai, yana matsa giris, yana ɗaure abin da ya saki. Idan sun samu haka suna da juriya mai ban mamaki, domin injinsu ba ya juyawa da sauri kuma ƙarfensu mai kauri ne. Idan aka yi watsi da su kuwa, zafin bazarar Birnin Kebbi da ƙurar hunturu da gara za su cinye su cikin 'yan shekaru, abin da suka rage kuma bakanike mai gaggawa ya ƙarasa shi.

Kafin a taɓa ko da noti guda, a nemi lambar injin da ta shasi a rubuta, domin da su ne ake gane shekarar motar da irin kayan da suka dace da ita. A ɗauki hoton kowane sashe kafin a kwance shi, kuma duk abin da aka cire, komai lalacewarsa, a sa masa alama a adana. 'Yan gwangwan suna zagaya unguwanni suna sayen tsohon ƙarfe a kan kilo, kuma kafireto ɗaya ko dinamo da yaran gida suka sayar musu a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba yana iya tsayar da aikin shekara guda. Ko sifana ma sai an zaɓa. Motocin Amurka suna amfani da awon inci, na Ingila kuma suna da nasu awon da ake kira Whitworth, don haka sifanar milimita da ke garejinmu tana shiga notin a sake, ta cinye masa kusurwa. Akwai wata shawara da kusan kowane mai irin wannan mota zai ji a gareji, wato a cire tsohon injin a ɗora na zamani a huta. Ina roƙon kada a karɓe ta. Ranar da aka yi haka darajar motar ta tafi, kuma birkinta da shasinta ba a yi su don ɗaukar ƙarfin sabon injin ba, sai a wayi gari an haɗa abin da zai iya kashe mutum.

Motar da ta shekara goma ko ashirin a tsaye ba a tayar da ita da turi ko da ja. A fara cire fulogi duka, a zuba ɗan baƙin mai gauraye da kananzir a cikin kowace silinda, a bar shi kwanaki yana ratsawa, sa'an nan a gwada juya injin a hankali da hannun tayarwa, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ke gaban motar wanda ake murzawa a tayar da injin. In ya ƙi motsi a ƙara haƙuri a sake jiƙa shi, domin tilasta masa yana karya zoben fistin ko ya lanƙwasa bawul. A kwance kaskon da ke ƙarƙashin injin, a kankare baƙin laka da ta taru a cikinsa, a wanke da kananzir. A zubar da tsohon fetur, a wanke tanki da bututun mai da kafireto. Sai an gama duk wannan ne za a yi maganar batir.

Baƙin mai shi ne inda ya fi dacewa a tsaya a fahimta sosai. Yawancin waɗannan injuna ba su da matatar mai, kuma a Model A wani ɗan cokali ne da ke ƙasan sandar fistin yake ɗibar mai yana fantsama shi yayin da injin ke juyawa. Wurin da kiranshaf, wato babban ƙarfen da sandunan fistin ke juyawa, ke kwanciya kuma an yi shi ne da wani ƙarfe mai laushi da ake kira babit, haɗin kuza da jan ƙarfe da wani ma'adini, wanda ake narkawa a zuba a jikin injin sa'an nan a gyare shi daidai awo. Ba irin wanda ake saye a kwali a maye gurbinsa ba ne. Idan mai ya yi ƙasa ko ya cika da yashi, wannan ƙarfen ne ke fara narkewa, kuma samun wanda ya iya sake zuba shi yana da wuya da tsada ƙwarai. Saboda haka a duba mai duk ranar da za a fita, a canza shi bayan kowace kilomita 800 kamar yadda kamfanin Ford ya tsara wa Model A, kuma ko motar ba ta yi wannan tafiya ba, a canza shi sau biyu a shekara, bayan hunturu ya ɗauke da kuma bayan damina. A zafinmu mai kauri ya fi dacewa, irin SAE 40 ko 20W-50. Man zamani yana ɗauke da sinadarin wanke injin, wanda abu ne mai kyau a injin da aka riga aka tsabtace, amma a wanda ya tara dauɗar shekaru yana tayar da ita ta bi mai ta toshe ƙananan hanyoyi, shi ya sa wanke kaskon nan ya zama wajibi kafin a zuba sabo. Idan aka ji wata ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan injin, musamman lokacin hawan tudu, a kashe shi nan take, kada a ce bari a lallaɓa a isa gida.

A yawancinsu akwatin giya da na ƙafar baya suna shan mai na daban, mai kauri sosai, wanda a Model A ake kira 600W. A guji man giya mai alamar GL-5 a inda akwai kayan tagulla a ciki, domin sinadarinsa yana cin tagulla idan ya yi zafi. Wuraren matsa giris kuwa sun haura ashirin a ƙarƙashin mota ɗaya, a gaɓoɓin sitiyari da sifirin da sandunan birki da famfon ruwa. A goge bakin kowanne kafin a matsa, in ba haka ba yashin da ke kai ne za a tura ciki, kuma a ci gaba da matsawa har tsohon giris ya fito ta gefe.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce babbar jarrabawar irin wannan mota a ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Lagireton motar zamani a rufe yake da matsi, wanda ke hana ruwa tafasa da wuri, amma na da a buɗe yake, ruwansa yana tafasa da zarar ya kai digiri 100. Model T da tsofaffin Austin Seven ba su ma da famfon ruwa. Ruwan da ya yi zafi ne ke tashi sama da kansa ya shiga lagireto, wanda ya huce ya sauko, don haka in ruwan ya yi ƙasa da bakin tiyon sama, zagayawar ta tsaya cak ko da ana ganin ruwa a ciki. Kada a ɗora wa irin wannan lagireto murfi mai matsi, domin dalmar da aka liƙe shi da ita ba za ta jure ba. Kada kuma a cika shi maƙil, a bar ɗan sarari, in ba haka ba zai amayar da rarar ta bututun gefe mai shi ya zaci yoyo ne. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da gishirin ƙasa da ke daskarewa a cikin siraran bututun lagireto, saboda haka gara a tari ruwan sama a tace a adana, ko a sayi irin wanda ake zuba wa batir, a haɗa da maganin hana tsatsa. Sau ɗaya a shekara, kafin bazara ta kama, a wanke lagireto ta hanyar tura ruwa daga ƙasa zuwa sama, a kuma wanke ƙura da ƙwarin da suka toshe fuskarsa da ruwa mara ƙarfi daga ta baya. A duba fanbel, a duba fukafukan fanka ko sun tsage a gindi, domin tsohuwar fanka tana iya ɓallewa ta huda bonet.

Idan motar ta tafasa a hanya, a tsaya a inuwa a jira ta huce da kanta. Zuba ruwan sanyi a injin mai zafi yana tsaga kan silinda. Ya kamata kuma a san cewa tafiyar hawainiya ta fi tafasa ta fiye da gudu, domin iska ba ta ratsa lagireto. Wanda ke sha'awar fito da ita a hawan Salla ko a bikin kamun kifi na Argungu ta bi bayan dawaki, ya shirya cewa za a riƙa tsayawa ana kashe ta, kuma gara ta fita da sanyin safiya.

Ƙura ita ce abokiyar gaba ta biyu. Model A ta fito daga kamfani ba tare da matatar iska ba, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu iskar da za ta shaƙa a nan cike take da garin yashi mai cin zobe da bangon silinda. Sanya mata matatar iska mai faɗi wadda ba za ta shaƙe kafireto ba yana daga cikin 'yan canje-canjen da nake goyon baya, tunda ana iya cire ta ba tare da an ɓata komai ba. A ranakun da hazo ya yi kauri kuwa, barinta a ɗaki ya fi. Fetur ɗin gidan mai ya ishe ta har da rara, domin matsin da fistin ke yi wa iska da fetur a waɗannan injuna kaɗan ne, na Model A kusan 4.2 bisa 1 ne. Abin tsoro shi ne gurɓataccen mai. A guji na 'yan bumburutu, a tace duk abin da za a zuba da kyalle mai tsabta, kuma a tuna da fetur mai yawan sinadarin metanol da ya shigo ƙasar nan a farkon shekarar 2022 ya lalata motoci da dama. Irin wannan sinadari yana narkar da tsohuwar roba da shafen da ke jikin abin da ke iyo a cikin kafireto ko tanki. A Model A tankin yana gaban direba ne, mai yana gangarowa da kansa ba tare da famfo ba, shi ya sa aka yi masa makulli a ƙarƙashi. A rufe shi duk lokacin da aka ajiye motar, domin in allurar kafireto ta saki, fetur zai ɗiga har tankin ya ƙare a ƙasan ɗakin.

A ɓangaren wuta ne mai riwaya da bai saba da su ba ya fi yin ɓarna. Yawancinsu batir mai bolt 6 suke amfani da shi, kuma a Model A kan batir mai alamar + ne ake ɗaurewa a jikin shasi, akasin abin da aka saba a yau. Ɗora mata batir mai bolt 12 yana ƙona ƙwayayen fitila da kwayil, juya kawunan kuma yana rikita dinamo. Idan sitata tana ja da kasala, kafin a zargi batir a dubi wayoyinsa. Batir mai bolt 6 yana bukatar ninkin kaurin wayar mai bolt 12, kuma sau da yawa za a tarar wani ya sa siririyar wayar motar zamani, ko tsatsa ta ci wurin da aka ɗaure ta a shasi. Dinamon wancan zamani ba ya rage caji da kansa idan batir ya cika, don haka a riƙa duba ruwan batir akai-akai, a doguwar tafiya kuma a kunna fitila ko da rana ce don ta sha rarar wutar. Tazarar bakin fulogi a Model A ita ce inci 0.035, ta kwantak kuma tsakanin 0.018 da 0.022, kuma da ma'auni ake saita su, ba da ido ba. Tsofaffin wayoyin an naɗe su da zare ne a kan roba, wadda zafi ya riga ya busar, ga shi Model A ba ta zo da fis ba. A sake wayoyin bisa tsarinsu na asali, a ƙara fis da makullin yanke batir, a ajiye tukunyar kashe gobara a cikin motar.

Birkin yawancinsu na sanduna ne ko na waya, domin kamfanin Ford bai koma birkin mai ba sai a motocin 1939. Irin wannan birki yana kamawa da kyau idan an saita ƙafafun huɗu daidai kuma babu gaɓar da ta cinye, amma ɗan sako-sako a kowace mahaɗa yana taruwa ya shanye rabin takun direba. A ɗaga motar a kan jak, wani ya taka, a juya kowace taya da hannu a ji ko suna kamawa tare. A Austin Seven ta kafin 1930 birkin ƙafa tayoyin baya kawai yake riƙewa, na hannu ne ke riƙe na gaba, kuma wajibi ne direba ya san haka kafin ya hau titi. Morris Eight tana da birkin mai, wanda ya kamata a canza mansa duk shekara biyu saboda yana shan danshi. Tsofaffin takalman birki suna ɗauke da asbesto, kuma ƙurarsa tana cutar da huhu, saboda haka kada a hure ta da baki ko da iskar mai faci, a jiƙa ta a goge. Taya kuma shekarunta ake dubawa ko da zanenta bai goge ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen tayar zamani suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma wadda ta kai shekara goma a zafinmu ta gama aiki. A sa sabon tif tare da sabuwar taya. Ƙafafun katako irin na Model T suna bushewa a hunturu su fara ƙara, kuma jiƙa su da ruwa yaudarar kai ne, domin da sun bushe za su fi da sakewa, sai dai a kai wa gwanin kafinta ya matse su ko ya sake su.

Mutane da yawa ba su san cewa bodin motocin Ingila na wancan zamani, da wasu na Amurka, ƙarfe ne aka lulluɓa a kan firam na katako ba. A ƙasarmu wannan yana nufin gara. Tana hawa ta jikin taya ko ta duk abin da ya jingina da motar, ta cinye katakon daga ciki ta bar fenti lafiya lau, sai ranar da ƙofa ta fara sauka a gane. A riƙa leƙa ƙarƙashin kujeru da gindin ƙofofi ana neman hanyar laka, ana soka tsinken ƙarfe a ji ko itacen ya yi taushi. Inda ya lalace a sake shi da busasshen katako mai ƙarfi irin maɗaci, a shafa masa maganin gara kafin a rufe. Ɗakin ajiya ya zama mai daɓen siminti da rufi da tagogin shan iska, a kan tudu, nesa da fadama, domin wanda ya ga ambaliyar 2020 a jihar nan ya san inda ruwa ke iya kaiwa. Lulluɓa ta da tamfol a tsakar gida yana tara gumi a ƙarƙashi da damina ya haifar da tsatsa, musamman a wuraren da ke da danshi irin Yauri a bakin Neja, iska kuma tana kaɗa tamfol ɗin ya goge fentin. Mayafin auduga ya fi. Ɓeraye suna son audugar kujeru da zaren waya, zanzaro kuma yana gina laka a bakin salansa da ƙananan ramukan shan iska na tanki da kafireto, har mota ta ƙi tashi a rasa dalili. A toshe bakin salansa da tsumma, a rataya alama a sitiyari don kada a manta a cire.

Irin wannan mota kamar doki take, ɗaurewa a turke ba motsa jiki ya fi gajiyar tafiya lalata ta. A fito da ita duk mako biyu a yi tafiyar da ta kai rabin sa'a har injin ya ɗauki zafi sosai. Tayar da ita na minti biyar a tsaye yana tara ruwa a cikin mai da salansa ne kawai. In dole ta daɗe a ajiye, a ɗora shasin a kan turaku don tayoyi su huta, a cire batir.

Tayarwa da hannu tana da ƙa'idar da ba a wasa da ita. A tabbatar giya tana firi kuma an ja birkin hannu, a tura sandar wuta da ke jikin sitiyari, mai saita lokacin da fulogi ke ba da wuta, zuwa wajen jinkiri, wanda a Model T da Model A sama ne. A kama hannun tayarwar da babban yatsa a gefe ɗaya da sauran yatsu, a fizgo shi daga ƙasa zuwa sama, kada a danna shi ƙasa da nauyin jiki. Idan injin ya yi tutsu ya juya baya, hannun zai kuɓuce daga tafin maimakon ya karya wuyan hannu. Da ya tashi sai a sauko da sandar, domin tafiya da wuta a jinkirce tana rage ƙarfi kuma tana tafasa ruwa. Giyar yawancinsu ba ta da abin da ke daidaita gudun haƙora, shi ya sa ake taka kuloci sau biyu: a taka a fito firi, a saki, a sake takawa a shiga ta gaba, in kuma za a sauko ne a ɗan taɓa totur yayin da take firi. Model T tana da nata tsarin na feda uku wanda sai an koya daga wanda ya iya, a fili mara jama'a.

A kan titi, kilomita 60 zuwa 70 a sa'a ya ishi Model A, ƙananan na Ingila kuma ƙasa da haka. Ba su da bel, da yawansu ba su da fitilar nuna kwana, hasken fitilarsu kuma rauni gare shi, don haka kada a bi hanyar Jega ko ta Argungu da ita bayan magariba, a cikin tireloli da babura. Gilasan gefe na da yawa daga cikinsu irin na taga ne mai fashewa da kaifi, kuma sake su da gilashi mara yanka abu ne da ya dace tun kafin a ɗauki yara. Tun watan Afrilun 1972 Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma na dama, saboda haka motar da aka shigo da ita zamanin Turawa mai yiwuwa sitiyarinta a dama yake. Kafin a fito da irinta, a je ofishin hukumar kiyaye haɗurra da na jami'an duba motoci a ji matsayinta da takardun da take bukata. Idan za a kai ta wani biki mai nisa, a ɗora ta a babbar mota a kai ta, ya fi a yanka ta don a mayar da sitiyarin hagu.

Kayan gyara ba su gagara ba. Har yau ana ƙera sababbin kayan Model T da Model A a Amurka, na Austin Seven da Morris kuma a Ingila, ana iya yin odarsu ta intanet da lambar injin da shekarar mota, tare da littafin gyaranta. Tunda kaya suna daɗewa a hanya, a haɗa odar ƙananan abubuwa lokaci guda a ajiye a gida: gaskit na kan silinda, kwantak, fulogi, fanbel, tiyon ruwa, ƙwayayen fitila masu bolt 6 da tif biyu. Abin da ba a samu ba, masu injin fiƙe ƙarfe a Sakkwato da Kano da Fantekar Kaduna suna iya ƙera shi idan aka kai musu tsohon su auna. A zaɓi bakanike ɗaya mai haƙuri, zai fi kyau dattijon da ya yi aiki a kan motocin kwantak da kafireto, a zauna tare da shi lokacin aiki, a buɗe littafi ana rubuta ranar kowane gyara da irin man da aka zuba da awon da aka saita, domin wanda zai karɓi motar nan gaba ya san inda aka tsaya.